Ɗaure babur a bayan mota

Ɗaure babur a kan tirela ko bayan a-kori-kura ya bambanta da ɗaure sauran kaya, domin babur ba ya tsayuwa da kansa, kuma yana da shok da ke lotsawa ya tashi duk lokacin da mota ta faɗa rami. Wannan lotsawar ce ke sassauta igiya, har ƙugiya ta fita daga mazauninta.

Shi ya sa aikin yake farawa daga tayar gaba. Akan tura ta cikin wani ƙarfe mai rungumar taya, in babu shi a dafe ta da bangon gaban motar, a tokare ta da katako hagu da dama. Daga nan sai a saƙala bel biyu, wato igiyoyi masu faɗi da ake matse kaya da su, a ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun shok na gaba, a ja su gaba da gefe zuwa ƙugiyoyin motar, suna karkace kamar digiri 45. Ana ɗaure su ne kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, har babur ya miƙe tsaye shok ya lotsa wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. In an danne shi har ƙasa ana wahalar da shok, in kuma an bar shi sake babur zai yi ta rawa a hanya. Bel biyu na baya, da ake ɗaurawa a jikin shasi, aikinsu kawai hana gindin babur zamewa gefe, don haka ba sa bukatar matsi sosai.

Ba a barin babur a kan ƙafar da ake kafe shi da ita, don tana iya lanƙwasewa ko ta huda daɓen motar. Haka nan ba a ɗaura bel a madubi, salansa, ko inda zai danne wayar birki. Ana sa babur a giya, a rufe makunnin fetur in babur ɗin mai kabureta ne.

Nauyi ma abin dubawa ne. Bajaj Boxer, wanda ’yan acaɓa suka sani sarai, bai kai kilo 130 ba, amma Honda Gold Wing yana kusan kilo 380. Bel ɗin da aka ƙera bisa ƙa’idar Turai ta EN 12195-2 yana ɗauke da lamba mai nuna iyakar ƙarfinsa. A Amurka, dokar manyan motocin kaya ta ce jimillar ƙarfin abin ɗauri kada ta gaza rabin nauyin kayan, kuma ɗaurin ya iya riƙe su lokacin taka birki da ƙarfi. A kan ƙaramar tirela, akan sa mafi yawan nauyin gaba da tayoyinta, in ba haka ba takan riƙa lilo a bayan mota.

A tashoshin Najeriya da Nijar an saba ganin babur kwance a saman lodi, an naɗe shi da igiya. Hakan na kai shi inda za shi, sai dai fetur da baƙin mai kan zuba, tanki ya loɓa. Masu lura sukan juye man tukuna, su shimfiɗa tsohuwar taya a ƙarƙashinsa.

Ko wane irin ɗauri aka yi, direba kan tsaya bayan ’yan kilomitoci na farko ya sake matse shi, domin a nan ne bel ko igiya ke fara saki.