Kiyaye haƙƙin ɗan Adam a harkokin kamfanoni

Kiyaye haƙƙin ɗan Adam a harkokin kamfanoni tsari ne da kamfani ke bi don gano cutarwar da ayyukansa ke iya jawo wa mutane, ya hana ta, ya kuma gyara idan ta auku. Mutanen da ake nufi sun haɗa da ma'aikatansa, da ma'aikatan masana'antun da ke yi masa kaya, da al'ummomin da ke zaune kusa da gonaki ko wuraren haƙar ma'adinai inda kayansa ke fitowa.

Tarihi

Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD, ta fitar da jagororinta ga manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa a 1976, amma sai bayan wasu bala'o'i maganar ta yi ƙarfi. A 1984 iska mai guba ta tsiyayo daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Bhopal, ƙasar Indiya, ta kashe dubban mutane. Wajen tsakiyar shekarun 1990 kuma rahotanni kan yara masu ɗinkin ƙwallon ƙafa a Sialkot ta Pakistan suka sa kamfanonin kayan wasanni fara tura masu bincike masana'antu.

A 2005 Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya naɗa Farfesa John Ruggie na Jami'ar Harvard ya nazarci lamarin. A watan Yunin 2011 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 31 da ya tsara bisa ginshiƙai uku: wajibin gwamnati ne ta kare mutane, nauyin kamfani ne ya mutunta haƙƙinsu, wanda aka cuta kuma ya samu hanyar neman gyara. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta kusa da Dhaka a Bangladesh, mutum fiye da 1,100 suka rasu, akasarinsu masu ɗinkin tufafin da ake kaiwa Turai da Amurka. An ga tsagewa a bango tun ana gobe, duk da haka aka tilasta musu komawa aiki.

Yadda ake yi

Ana farawa da rubutacciyar manufa wadda shugabannin ƙoli suka sa wa hannu, a kuma shigar da ita cikin kwangilar masu kawo wa kamfani kaya. Daga nan kamfani ya bi sawun kayansa. Wuri na farko a wannan sawu, wato masana'antar da ke haɗa kayan, sananne ne; haɗarin ya fi yawa can ƙasa, a wurin rini da kaɗi da gonar auduga, ko ramin haƙar ma'adinin kobalt. Tunda ba a iya magance komai lokaci guda, ana jera matsalolin bisa tsananinsu ga mutane: girman cutar, yawan waɗanda ta shafa, da ko za a iya mayar da su yadda suke a da.

Abin da ake bukata daga kamfani ya danganta da hannunsa a ciki. Idan shi ya yi cutar ko ya taimaka wajen yin ta, sai ya daina ya kuma biya diyya. Idan ta hanyar abokin ciniki kawai ta shafe shi, sai ya matsa wa abokin lamba. Yanke hulɗa shi ne matakin ƙarshe, domin janye oda kwatsam kan bar ma'aikatan ba aiki ba albashi.

Inda ake samun cikas

Binciken da aka sanar da ranarsa bai cika gano komai ba. Ana ajiye littafin albashi biyu, a koya wa ma'aikata amsar da za su bayar, a buɗe ƙofofin gudun gobara na yini ɗaya. Masana'antar Ali Enterprises ta Karachi ta ƙone a Satumbar 2012, mutum fiye da 250 suka mutu, makonni kaɗan bayan ta samu shaidar SA8000, wato takardar da ke nuna cewa wurin aiki ya cika ƙa'idojin kula da ma'aikata. Shi ya sa ake fifita ziyarar bazata da hira da ma'aikata a wajen harabar masana'anta.

Sau da yawa laifin na mai saye ne. Ya danne farashi, ya rage wa'adin kai kaya, sai masana'anta ta tsawaita awoyi ko ta miƙa aikin a ɓoye ga ƙaramin wurin da ba a taɓa dubawa ba. Baƙin ma'aikata kuma kan ci bashi su biya dillalin da ya samo musu aiki, a riƙe fasfonsu. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce mai ɗaukar aiki ya biya wannan kuɗin. Layin kai ƙorafi ba ya amfani idan ba a harshen ma'aikata yake ba, ko idan yana bi ta hannun wanda ake ƙara.

Dokoki

Birtaniya ta kafa dokar yaƙi da bautar zamani a 2015, Faransa ta bi da dokar sa ido a 2017, ta Jamus kuma ta fara aiki a 2023 kan kamfanoni masu ma'aikata 3,000 zuwa sama. Tarayyar Turai ta zartar da tata a 2024, daga baya aka ɗage fara aiki da ita. Tun 2014 ake tattauna yarjejeniyar duniya mai tilastawa a Janiba, bisa shawarar Ikwado da Afirka ta Kudu.