Filin kulob ba ya shiga gado, kuma ba a raba kuɗinsa

Tun da Allah Ya yi wa ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa kulob ɗin wasanninmu rasuwa, magana iri biyu ke yawo a Sakkwato. Wasu na cewa tunda sunan marigayin yana cikin takardar rajista, magada za su saka filin a rabon gado, su garƙame mana ƙofa. Wasu kuma har sun fara lissafi: fili ya yi tsada a cikin gari, a rushe kulob, a sayar, kowa ya kwashi kasonsa. Ran Asabar da la'asar wani matashi ya tare ni a bakin filin tanis, ya ce, "Yaya, da gaske za a raba? Ni fa shekara tara ke nan ina biyan kuɗin wata." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, duka maganganun biyu doka ba ta san da su ba.

Dokar da ake magana a kai ita ce ta kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda aka fi sani da CAMA, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020. Sashe na 823 ya ba ƙungiyoyin addini, ilimi, al'adu, zumunci, agaji da wasanni damar yi wa amintattunsu, wato masu riƙe musu amanar dukiya, rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Kulob ɗin da ya yi irin wannan rajista nake nufi. Wanda aka kafa a matsayin kamfanin neman riba mai hannun jari, hukuncinsa daban.

Maganar gado ba ta da tsawo. Da zarar takardar rajista ta fito, ƙungiyar ta zama mai cin gashin kanta a idon doka: tana mallakar fili da sunanta, tana kai ƙara, ana kai ta, kuma ba ta mutuwa da mutuwar kowa. Sashe na 830 ya ce duk dukiyar da wani ke riƙe wa ƙungiyar amana ta koma hannun ƙungiyar. Amintacce mai riƙo ne kawai, kamar mai kula da waƙafi. In ya rasu a naɗa wani, a sanar da CAC.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne rabon kuɗi. Sashe na 838 ya ce kuɗin shiga da kadarorin ƙungiya ba a kashe su sai a kan manufar da aka kafa ta dominta, kuma ba a ba mamba ko sisi da sunan riba ko garaɓasa, kai tsaye ko ta bayan fage. Wannan bai hana a biya maigadi, ko mai horar da yara, ko mai share fili albashinsu ba. Ɗan kwamiti ma in ya sayo ƙwallaye ko man janareto da kuɗin aljihunsa, a mayar masa. In gidansa kulob ke haya, a biya shi hayar da ta dace. Abin da aka hana shi ne ya zauna a kwamitin gudanarwa kuma ya riƙe kujerar albashi a kulob ɗin. Wanda ya saɓa da gangan, ko ya sa hannu aka saɓa, doka ta ɗora masa mayar da abin da aka karkatar.

To in an rushe fa? Da farko, ba taron mambobi ne ke rushewa da ɗaga hannu ba. Kotu ce, wato Babbar Kotun Tarayya, kuma tana da reshe a nan Sakkwato. Sashe na 850 ya faɗi masu ikon kai buƙatar: kwamitin gudanarwa, ko ɗaya daga cikin amintattu, ko aƙalla rabin mambobi, ko CAC. Sai an kawo dalili, kamar a ce manufar ta cika har babu sauran amfani, ko wa'adin da aka ɗibar wa ƙungiyar ya ƙare. In kotu ta amince, a fara biyan basussuka. Abin da ya rage ba ya shiga aljihun mamba ko ɗaya. Wata ƙungiya mai irin wannan manufa ake miƙa wa, in ba a samu ba a sa shi a aikin agaji.

Na san wannan da ciwo ga wanda ya shekara talatin yana biya, ya ba da bulo lokacin da ake zagaye fili, yau kuma hannunsa ya yi ƙasa. Ina tausaya masa ƙwarai. Amma kuɗin da muke biya na wasa ne da inuwa da hira bayan magariba, kuma mun mora. Da doka ta bar ƙofar rabo a buɗe, da duk ranar da dillali ya zo da farashi mai tsoka an samu masu rinjaye sun sayar, yaran da ke koyon badminton da rana su rasa wurin zuwa.

Akwai dai wuri ɗaya da tsoron mutane ke da ƙamshin gaskiya. In tun farko an yanki takardar mallakar fili da sunan mutum ɗaya, ba da sunan amintattun kulob ba, magada na iya tasowa, kuma sai kulob ya kawo hujjar cewa amana marigayin ya riƙe: rasiɗai, bayanan taro, shaidu. Don haka a babban taro mai zuwa ina roƙon sakatare ya zo da takardar rajista da takardar fili, a karanta sunan da ke kan kowace a gaban kowa.