Dibao da Ma'aikatan da Aka Sallama a Ƙasar Sin

Dibao tallafin kuɗi ne da gwamnatin Sin ke biyan iyalan da abin da suke samu bai kai mafi ƙarancin abin rayuwa ba. Birnin Shanghai ne ya fara shi a 1993, sannan dokar Majalisar Gudanarwa ta ƙasa ta shimfiɗa shi a dukkan birane daga 1 ga Oktoba, 1999.

Abin da ya tilasta faɗaɗa shi shi ne garambawul ɗin masana'antun gwamnati bayan babban taron Jam'iyyar Kwaminis na 1997, wanda Firaminista Zhu Rongji ya tsananta daga 1998. Fiye da ma'aikata miliyan 20 aka dakatar cikin 'yan shekaru, ana kiransu xiagang: sunansu na nan a rajistar masana'anta, amma babu aiki, babu cikakken albashi. Asarar ta wuce ta albashi, domin a da masana'anta ce ke ba ma'aikaci gida da asibiti da makarantar yara da fansho. Lardunan arewa maso gabas, wato Liaoning da Jilin da Heilongjiang, su suka fi jin jiki. A watan Maris na 2002 dubban ma'aikata suka yi zanga-zanga a biranen Daqing da Liaoyang na wannan yanki.

An tsara kariyar hawa uku. Da farko ma'aikaci zai shiga cibiyar sake neman aiki ta masana'antarsa, ya riƙa karɓar ɗan alawus har shekara 3. Kuɗin kashi uku ne: ɗaya daga gwamnati, ɗaya daga masana'anta, ɗaya daga asusun inshorar rashin aiki. A nan aka fi samun cikas, don masana'antar da ta durƙushe ba ta da abin biyan nata kason. Daga nan sai inshorar rashin aiki, wadda ba ta wuce wata 24. Wanda duk wannan ya ƙare masa, dibao ne madogararsa. Shi ya sa masu karɓa a birane suka tashi daga kimanin miliyan 4 a 2000 zuwa sama da miliyan 20 a 2002.

Kowane birni yana tsayar da nasa mizanin mafi ƙarancin abin rayuwa. Ana haɗa kuɗin shigar gida a raba da yawan mutanen gidan, sai gwamnati ta cike giɓin da ke tsakanin wannan adadi da mizanin, ba ƙari. A wancan lokacin mai nema yakan kai takardunsa kwamitin unguwa, jami'ai su ziyarci gidansa, su tambayi maƙwabta, a liƙa sunansa a allon sanarwa don mai ƙorafi ya fito, kafin ofishin kula da harkokin jama'a na gunduma ya amince.

Wannan tantancewa ta cutar da mabuƙata da dama. A wasu birane akan ƙiyasta wa mai ƙarfin aiki kuɗin shiga ko da ba ya samun komai, ko a lissafa masa albashin da masana'anta ba ta biya ba. Mata da suka haura shekara 40 da maza da suka haura 50 su ne aiki ya fi yi wa wuyar samu, kuma a kansu wannan ƙiyasi ya fi nauyi. 'Yan ci-rani daga ƙauye ba su shiga tsarin birni, saboda sai mai rajistar zama ta birnin, wato hukou, ke da haƙƙin nema. Sai a 2007 aka kai dibao karkara a faɗin ƙasar.