Waiwaye: Wa ke tsare mabuƙaci daga mai rabon agaji?

A ranar 28 ga Satumban 2021 wani kwamiti mai zaman kansa ya fitar da rahoton da ya girgiza Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ɗaya daga cikin shugabanninsa biyu 'yar Nijar ce, Aïchatou Mindaoudou, tsohuwar ministar harkokin wajenmu, tare da 'yar Kwango Julienne Lusenge. An ɗora musu binciken abin da ya faru lokacin yaƙi da cutar Ebola a gabashin Kwango tsakanin 2018 da 2020. Sun gano mutum 83 da ake zargi da lalata da mata, 21 daga cikinsu ma'aikatan hukumar ne. Labarin matan kusan iri ɗaya ne: a yi wa mace alkawarin aiki, sharaɗin kuwa ta ba da kanta. Ƙaramar cikinsu shekararta 13, tana sayar da katin waya a bakin hanya wani direba ya ce ta shigo ya rage mata hanya. Shugaban hukumar, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya fito ya nemi gafara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, lokacin da aka aikata wannan, dokar da ta haramta shi ta kai shekara 15 a rubuce. Don haka mu da ke jihar Tawa, inda motocin ƙungiyoyin agaji suka daɗe da zama abin gani kullum, ya kamata mu san inda wannan doka ta samo asali, da kuma inda take tsayawa ba ta ƙaraso ba.

A Afirka ta Yamma maganar ta fara fashewa. A watan Fabrairun 2002, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira da ƙungiyar Save the Children ta Ingila suka bayyana abin da masu bincikensu suka jiyo a sansanonin Gini, Laberiya da Saliyo. Yara mata, galibi masu shekara 13 zuwa 18, sun ce sai sun yarda da namiji kafin su samu sabulu, magani, biskit ko ledar rufin bukka. An ambaci mutum 67 daga ƙungiyoyi sama da 40. Akwai wani abu cikin rahoton da ba mu cika son ji ba: yawancin waɗanda aka zarga ba Turawa ba ne, maza ne 'yan ƙasa da aka ɗauka aiki a wurin. Binciken da ofishin sa ido na Majalisar ya yi daga baya ya ce kaɗan daga cikin zarge-zargen ya iya tabbatarwa, cikakken rahoton kuwa bai fito fili ba sai 2018.

Duk da haka daga nan aka samu ƙa'idojin da ake aiki da su har yau. A watan Oktoban 2003 Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya fitar da takardar umarni ga dukan ma'aikatan Majalisar. Ta haramta kusantar duk wanda bai kai shekara 18 ba, ko me dokar ƙasar ta ce, kuma ba a karɓar uzurin cewa ba a san shekarunta ba. Ta haramta musayar kuɗi, aiki, kaya ko tallafi da jikin mutum. Ta wajabta wa ma'aikaci ya kai rahoto idan ya zargi abokin aikinsa, ko da ba ƙungiya ɗaya suke ba. Takardar da ake sa direba ko mai gadi ya sa wa hannu yau a ofisoshin Tawa da Yamai jikanyar wannan ce.

Sai abin da ya faru a maƙwabciyarmu Chadi, wanda a ganina ya fi kowanne kusa da rayuwarmu. A ƙarshen Oktoban 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeshe, suna shirin sa yara 103 cikin jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun Darfur ne. Bincike ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne, kuma da iyayensu ko danginsu a raye. Har an naɗe wa wasu bandeji don a ɗauka marasa lafiya ne. Kotun Njamena ta yanke wa Faransawa shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mayar da su ƙasarsu, sannan shugaban Chadi na lokacin, Idriss Déby, ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008. Yaya aka yi iyaye suka saki 'ya'yansu? An ce musu makaranta za a sa su, a cikin Chadi, kuma masu kai saƙon 'yan yankin ne da suka sani. Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san yadda uba ke ɗaukar ɗansa ya damƙa wa malam ko ɗan'uwa da ke birni, ya ce ga amana, ba takarda ba shaida. Wannan yarda ce ta rayar da mu tun kaka da kakanni, kuma ita ce mugu ke nema ya shiga ta cikinta. Da ɗan gari akan ci gari.

Bayan haka abin kunya ya yi ta biyo abin kunya. A Bangi ta Afirka ta Tsakiya an zargi sojojin Faransa da lalata da yara a sansanin da ke kusa da filin jirgi, alƙalan Faransa suka rufe shari'ar a farkon 2018 ba a gurfanar da kowa ba. A watan Fabrairun 2018 ɗin jaridar The Times ta tona cewa wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam sun riƙa biyan mata kuɗi suna kwana da su a Haiti bayan girgizar ƙasar 2010. A 2011 ƙungiyar ta kori huɗu, ta bar uku suka ajiye aiki da kansu, ciki har da shugabanta a ƙasar. Mutumin nan ya taɓa jagorantar aikin Oxfam a Chadi a 2006, inda aka yi irin wannan ƙorafi, kuma bayan Haiti ya samu aiki da wata ƙungiyar a Bangladesh. Wannan ne ya sa daga 2019 manyan ƙungiyoyi suka kafa tsarin tambayar juna tarihin mutum kafin a ɗauke shi. Tsarin ya yi amfani, amma mai kwangila a rubuce yake kamawa. Ɗan ƙwadagon da aka ɗauka na kwana biyar don sauke buhuna, ko ɗan kwamitin gari da ke kiran suna, ba ya cikin wannan rajista.

To mu dawo gida. Dangantakar jihar Tawa da agaji ta daɗe. A lokacin farin 1984 aka buɗe babban aikin Keita da kuɗin Italiya, ana gyaran faƙo da dasa itatuwa ana biyan mutane da cimaka, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na aikin saboda maza sun tafi ci-rani. A yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da fara, ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa a Nijar. Aka sake shiga matsi a 2010 da 2012. A 2012 ɗin ne 'yan gudun hijirar Mali suka kwararo, aka tsugunar da wasu a Intikan da Tazalit. A watan Maris na 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, wasu dubbai suka bar gidajensu. Ta kudu kuma mutanen jihar Sakkwato da 'yan bindiga suka koro suka shigo Bangi ta Madawa.

Duba duk waɗannan, za ka ga hoto ɗaya. Mai gida yana Abijan, ko Libiya, ko Legas, ko ya rasu. Mace ce a layi, da goyo a baya da wata 'yar budurwa riƙe da kwano. A gabanta kuma namiji ne, saurayi mai ilimin boko da riga mai tambari, a hannunsa akwai takardar sunaye. Idan sunanta ya shiga, gidanta zai ci tuwo har kaka, idan bai shiga ba, sai dai ta ce, "Ɗana, don Allah duba mini da kyau." Yawancin samarin nan mutanen kirki ne, suna shan rana da ƙura da haɗarin hanya, wasu ma sun rasa rayukansu a bakin aiki. Amma ba halin mutum kaɗai ake dubawa ba. Duk inda aka haɗa yunwa da takarda a hannun mutum ɗaya, ba mai ganin abin da yake yi, an buɗe ƙofar da aka gani a Gini da Kwango.

An gwada rage masu shiga tsakani. A 2010 ƙungiyar Concern ta aika wa wasu ƙauyukan jihar nan tallafin kuɗi ta wayar salula maimakon a taru a layi, matan suka huta da doguwar tafiya da jira. Sai dai wadda ba ta iya karanta saƙo ba dole ta miƙa wa wani wayar, kuma har yanzu mutum ne ke zaɓar wadda za ta shiga lissafi tun farko.

Akwai wurin da ƙa'idar waje ke karo da al'adarmu kai tsaye, kuma gara a faɗe shi. A Nijar kusan kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma dokar farar hula ta sa 15 a matsayin shekarun auren mace. Takardar 2003 ta bar ƙofa ga ma'aikacin da ya riga ya yi aure bisa dokar ƙasarsa, amma ƙungiyoyi da dama sun toshe ta, sun hana ma'aikatansu auren wadda ba ta kai 18 ba. Za ka ji wani ya ce, "Ni da na nema ta hanyar sunna, me na yi?" Ina ganin amsar tana wajen uban yarinyar. Mutumin da abincin gidansa ke rataye da alƙalamin mai neman auren 'yarsa, shin yana da bakin cewa a'a? Idan ba shi da shi, to an cika sharuɗɗan aure a ido, amma buƙata ce ta ba da yarinyar.

Ba yara kaɗai ake magana ba. Akwai makaho da ke aiken wani ya karɓo masa rabonsa a dawo masa da rabi. Akwai tsohuwa, da mai taɓin hankali, da matar da yoyon fitsari ya raba da mijinta take jiran aiki a asibiti nesa da danginta. Akwai kuma hoto. Tun 2005 ake ɗaukar 'ya'yanmu tsirara, ƙashi da fata, ana neman kuɗi da su a ƙasashen da iyayensu ba za su taɓa gani ba. Uwar da ke zaune a ɗakin masu tamowa ba za ta ce wa mai ba ɗanta magani kada ya ɗauka ba. Manyan ƙungiyoyi yanzu suna neman izini kafin su ɗauka. Sai ga shi 'yan uwanmu masu neman taimako a Facebook da TikTok sun gaji tsohuwar ɗabi'ar, har da sunan yaro da unguwarsu.

Inda aikin ya fi rauni shi ne hanyar kai kuka. Ana kafa akwatin ƙorafi, ana liƙa lambar kira kyauta, sau da yawa da Faransanci, a ƙauyen da yawancin mata ba su yi boko ba. Akwatin yana bakin ofis, mai gadi na kallon duk wanda ya matso. Ko ta iya rubutu, me za ta rubuta? Kunya ta hana ta faɗa wa uwarta ma. Idan magana ta fito, dangi za su ce a rufa asiri, a kai wa mai gari a sasanta, wani lokaci sasancin shi ne a aura mata wanda ya cuce ta. Ga kuma tsoron da ya fi wannan: kada ƙungiya ta yi fushi ta kwashe kayanta, gari duka ya ce ita ta jawo. Saboda haka idan ofis ya ce shekara ta wuce ba a samu ƙorafi ko ɗaya ba, wannan ba abin murna ba ne. Kuma ko an kama mutum, kora daga aiki ba ta isa ba. Fyaɗe laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Nijar, muna da alƙalan yara da jami'an 'yan sanda masu kula da ƙananan yara, ba hurumin wani ofis ba ne ya yafe.

Yanzu fagen yana sauyawa. A watan Nuwamban 2024 hukumomi suka janye wa ƙungiyar Acted izinin aiki, a Fabrairun 2025 aka umarci ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta fita, a 2025 ɗin kuma Amurka ta yanke kaso mai yawa na tallafinta a duniya. Ba batun lalata da mabuƙata ne ya jawo waɗannan ba, amma suna shafarsa ta hanya biyu. Idan buhu ya ragu, layi bai ragu ba, farashin shiga takarda yana hawa. Sannan nauyin yana komawa kan ƙungiyoyin gida, da na masallatai, da masu ɗaukar nauyin marayu da kuɗin ƙasashen Larabawa, waɗanda da yawansu ba su da ma'aikaci ko ɗaya da aka ware don wannan aiki.

Abin da za a iya yi ba ya buƙatar kuɗin Turai. Hukumar da ke ba ƙungiya izini tana iya sharɗanta mata ta nuna yadda take tantance masu aikinta, har da na wucin gadi da 'yan kwamiti. Kada mutum ɗaya ya rubuta sunaye shi kaɗai. A karanta su a dandali kowa na ji, kuma a samu mata cikin masu rubutawa da masu rabo. Kafin a kwance buhun farko, mai shela ya faɗa da Hausa da Buzanci da Fillanci cewa kayan nan kyauta ne, ba wanda ke da ikon neman komai a madadinsu, kuma ƙorafi ba zai sa a hana gari rabonsa ba. Sannan a ambaci sunan macen da za a je wa, ungozoma ko malamar asibiti da matan garin suka zaɓa da kansu, a ba ta lambar wani da ba ya ƙarƙashin shugaban tawagar da ke rabon.