Shigo da dafaffen garin masara daga waje zuwa kasuwar Maradi: tambayoyi da amsoshi

Wane irin gari ne wannan, kuma me ya raba shi da wanda muke kaiwa inji?

Garin da muka saba da shi ɗanye ne: a surfa masara, a wanke, a shanya, a kai inji, a tankaɗe, sannan a tsaya kan murhu ana talge ana tuƙi har tuwo ya nuna. Shi kuwa wannan, tun a masana'anta ake cire wa masarar dusa da ƙwayar nan mai maiƙo, a turara ta, a latse, a busar, sannan a niƙa. Shi ya sa da an zuba masa ruwa yake sha ya haɗe nan take. A ƙasar Benezuwela ya shahara, inda kamfanin Polar ya fara sayar da shi a 1960 da sunan Harina P.A.N., kuma da shi ne mutanen can da na Kolombiya suke yin arepa, wani faifayin ƙulli da ake gasawa a ci da nama ko wake.

Ana iya tuƙa tuwo da shi?

Ana iyawa, kuma cikin ɗan lokaci, amma ba a yi masa talge mai tsawo, domin yana saurin kauri, kuma idan aka zuba shi gaba ɗaya cikin tafasasshen ruwa sai ya yi gudaji. Sai dai mutumin Maradi da hatsi ya tashi, furarsa da kununsa na gero ne, tuwon masara kuwa ya san laushin da yake so idan ya gutsura ya tsoma a miyar kuka. Duk ɗan kasuwar da bai sa an tuƙa garin a gidansa iyalinsa sun ci sun faɗi gaskiya ba, bai kamata ya yi odar kwantena ba.

Ta wace hanya zai iso Maradi?

Nijar ba ta da teku, saboda haka dole kayan ya sauka a tashar wata ƙasa. A da, ta Kwatano ake bi, a ratsa Benin a shigo ta Gaya, amma rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin watan Yulin 2023 ya karkatar da kaya da yawa zuwa Lome, daga nan su bi ta Burkina Faso, hanya mai nisa wadda manyan motoci kan jira rakiyar sojoji. Akwai kuma hanyar Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya a shigo ta Ɗan Isa, wadda alhazan Maradi suka sani kamar yunwar cikinsu, sai dai ita kuma tana tafe da hawa da saukar naira a gaban sefa. Kowace aka bi, akwai kuɗin jirgi, da na mota, da na duwan, da takardar da ke nuna abincin lafiyayye ne, kuma kowane kwana da kaya ya yi a hanya daga wa'adinsa ake cirewa.

Zai iya gogayya da masarar tiya a farashi?

A'a, kuma gara a faɗi haka tun farko. Magidancin da ke awon tiya a kasuwa ya biya kuɗin niƙa zai ci gaba da samun tuwo mafi araha, musamman da kaka, lokacin da hatsi ya wadata. Abin da dafaffen gari yake sayarwa shi ne lokaci da makamashi: babu surfe, babu layin inji ranar da aka ɗauke wuta, kuma itace ko gawayi ko gas ɗin da za a ƙona kaɗan ne.

To, su wa za su saya, kuma yaya za a tallata shi?

Ma'aikatan da ke dawowa gida a gajiye, da ɗalibai, da gwagware, da matan da ke sayar da abinci a tasha, waɗanda kullum suke lissafin kuɗin itace. Waɗannan matan su ne ƙofar kasuwar, domin idan tuwonsu ya karɓu a wurin direbobi da 'yan dako, labari zai kai gidaje ba tare da an biya gidan rediyo ba. Ya kamata a ƙulla shi a ƙananan ledoji na cin yini guda, tun da yawancin mutane kullum suke cefane, a rubuta yadda ake dafawa da Hausa da Faransanci, a kuma dafa shi a bainar jama'a ranar kasuwa kowa ya ɗanɗana. A kira shi da suna mai sauƙi a baki, domin mai shago ba zai yi ta fama da sunan Sifaniyanci ba.

Ajiyarsa fa?

Da yake an cire masa maiƙo, ya fi garin inji jimawa bai yi ɗaci ba, amma laima da ƙwari ba su ƙyale shi ba. A ɗora kwalaye kan katako nesa da bango, musamman da damina, a fara sayar da wanda ya fara shigowa, kuma ledar da ta huje a fitar da ita daga cikin sauran tun ranar da aka gan ta.