Ku kalle shi da ido, amma kada ku ɗauko tsuntsun da kuka tsinta a hanya

Jama'a, ruwa ya ɗauke, sanyin asuba ya fara shigowa, kuma abin da nake fargaba duk shekara, wato murar tsuntsaye, ya fara dawowa. Ana ta kirana gidaje a kan magana ɗaya: kaji sun kwana lafiya, an wayi gari sun zube. In na zauna na bi diddigi, sau da yawa sai uwargida ta ce, "Ai shekaranjiya yaro ya tsinto wata agwagwar ruwa a hanyar gona." Wani lokacin maigida ne da kansa ya rataya ta a kafaɗa yana dawowa da magariba. Na faɗa a wajen taro, na faɗa a ƙofar masallaci, yau ga shi ina rubutawa: ku daina ɗauko tsuntsun da kuka tsinta.

Ni ma a ƙafa nake zuwa aiki, ta bakin fadama, kuma a duk shekara wannan ne lokacin da na fi jin daɗin hanyar. Shamuwa ta tafi tare da damina. Balbela na nan tana bin shanu, zalɓe na tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi, kirinjijiya kuma sai yamma ta yi suke wucewa a sama suna fito. Sannan ga baƙi, ƙananan agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafun nan da ke caccakar taɓo, waɗanda ba ku ganinsu da damina. Daga Turai da Rasha suke. A can, da zarar Satumba ta kama, yini sai ya yi ta raguwa, abinci ya yi ƙaranci, sai su tashi su ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, a Baturiya, a Dagona, har Tafkin Chadi, su zauna da mu zuwa Maris ko Afrilu. Saboda su ne marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona a 1989. Mu kuwa a kan hanyar gona muke ganinsu kyauta. Ku tsaya ku kalla, ku nuna wa yaranku, ku koya musu sunayen. Wannan ina so ƙwarai.

Ɗaukar ce ba na so. Don Allah ku yi tunani, tsuntsun daji mai lafiya yana tsayawa ɗan shekara bakwai ya kama shi da hannu? Tun kana nesa ya tashi. Wanda ka tarar a kwance, fuka-fuki a sake, wuya a karkace, yana juyi wuri ɗaya, akwai abin da ya kwantar da shi. Kuma yanzu ko a nan yini ya ragu. Magaribar da ke kai kusan ƙarfe 7 a watan Yuli, a Nuwamba ƙarfe 6 ta yi. Mutum na dawowa duhu ya fara, ya ga abu a ƙasa, ya sunkuce, bai ga majinar da ke bakinsa ba, bai ga zawon da ya ɓata masa gashi ba. Sai ya ce, "Rabo ne, Allah ne ya kawo."

Murar tsuntsaye ba labarin ƙasashen waje ba ce. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da mugun nau'inta na H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji, jihar Kaduna. A cikin watan nan dai aka same ta a Magarya, jihar Damagaram a Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ta sake ɓarkewa a Kano a farkon 2015, masu gidajen kaji na can ba su manta ba. A Janairun 2021 kuma aka tarar da kwasakwasa kusan 750 a mace a gandun Djoudj na ƙasar Senegal, gwaji ya nuna ita ce. Cinikin kaji daga kasuwa zuwa kasuwa na yaɗa ta, haka ne, amma tsuntsayen ruwa ma suna ɗauke da ita, kuma cutar ta fi daɗewa a cikin kashi da ruwa lokacin sanyi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne saurin kawo wuƙa. An san mushe haramun ne, to sai a ce, "Yi maza ka yanka kafin ya cika." Baba, yanka yana halatta nama, amma ba ya fitar da cuta. Sai a miƙa wa uwargida ta fige, ga goyo a bayanta. Gashin ya watsu a tsakar gida, hanjin a jefa wa kare, ruwan wankin a kwarara a ƙasa, kaji da zabi su taru suna tsattsaga a wurin. In na yi magana a ce mini, "Malam, ai wuta na kashe komai." Gaskiya ne, naman da ya dahu sosai ba ya ɗauke da wannan cutar. Amma kafin ya shiga tukunya hannu nawa ya bi? A wajen yanka da figa da fiɗa mutum ke ɗauka. Kuma akwai masu zuba maganin ƙwari a cikin hatsi su watsa a bakin ruwa don kama tsuntsaye. In irin wannan ka tsinta, ko awa nawa ka dafa, ba ka da tabbacin gubar ta fita.

Na san halin da ake ciki. Nama ya yi tsada, miya na son ɗan abin ɗanɗano, kuma yaro da ya kawo abu gida so yake a yaba masa. Ban raina talaucin kowa ba. Amma iyayena mata, kajin nan su ne asusunku, daga nan kuɗin magani da littafin makaranta ke fitowa. Na tsaya a gidan da mace ke kwashe gawar kajinta da tsintsiya da kwando tana hawaye, duk a kan agwagwa ɗaya da ba ta ma ishi gidan ci ba. Ba na son in sake gani.

Kada kuma wani ya ɗauki maganata ya tafi harbin tsuntsaye ko korarsu daga fadama. Yawancinsu lafiyarsu lau, kuma tarwatsa su ba ya hana komai. Ku da kuke bin hanyar kullum, idonku nake bukata, don ku ne za ku fara lura in abu ya canja.

To ga abin yi, a taƙaice:

- Kun ga tsuntsu a kwance ko a mace, ku bar shi a wurin, ku hana yara da karnuka zuwa.
- In sun kai biyu, uku a wuri ɗaya, ku sanar da ma'aikacin dabbobi ko mai unguwa a ranar. Samfur ake ɗauka a kai ɗakin gwaji na Vom da ke jihar Filato, can ake tabbatar da ko mene ne.
- Ku kankare takalmi kafin ku shiga wajen kaji. Agwagin gida kada su je fadama a watannin nan.
- Kaji sun fara mutuwa, kada a yanka, kada a kwasa a kai kasuwa.
- Wanda ya riga ya taɓa, ya wanke hannu da sabulu. In zazzaɓi, tari ko jan ido ya biyo baya cikin kwana 10, ya je asibiti, ya faɗa musu a fili cewa ya taɓa tsuntsu.

Malaman makaranta da na allo, ku taimaka ku faɗa wa yara gobe da safe, don su ne suka fi tsintowa.