Girgizar ƙasa da garuruwan da ke kan laka: tambayoyin da ba a gajiya da yi min

Girgiza ɗaya ce, me ya sa wata unguwa ta rushe, wata ta tsira?

Abin da ke ƙarƙashinsu ba ɗaya ba ne. Wata kan dutse take, wata kan laka.

Ai laka taushi gare ta, ba za ta shanye girgizar ba?

A'a, kuma don Allah a daina yaɗa wannan magana. Igiyar girgiza tana gudu da sauri cikin dutse. Da ta shiga laka sai gudunta ya ragu, ƙarfin ya taru, motsin ya ƙaru. In kuwa lakar ta cika wani kwari ne da dutse ya kewaye, igiyar bugun gefe take ta yi tana dawowa. Zuba kunu a kwano ka ɗan ture shi: kwanon zai tsaya, kunun na ci gaba da kaɗawa.

Zan kama haya a birnin Meziko. Dogon bene ko gajere?

To, ga tambayar da ba ta da amsa ɗaya. Tsakiyar birnin tana kan lakar tsohon tafkin Texcoco ne da aka zuƙe ruwansa. A ranar 19 ga Satumba 1985 girgiza mai maki 8 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa ta taso daga gaɓar Tekun Fasifik, fiye da kilomita 350 daga birnin, amma ta kashe dubban mutane a can. Lakar tana kaiwa da komowa sau ɗaya cikin kusan daƙiƙa 2, wanda ya yi daidai da lilon benaye masu hawa 6 zuwa 15, su kuwa suka fi faɗuwa. Sai ka ce gajeren bene ne mafita. Kada ka yi gaggawa. A 2017, a wannan rana dai, girgiza mai maki 7.1 ta taso daga kusa, ta fi cin benaye marasa tsawo a bakin tsohon tafkin, inda lakar ba ta da zurfi. Don haka abin ya danganta da kaurin lakar unguwar, da inda girgizar za ta fito, wanda babu mai iya faɗa maka. Ni dai da zan zaɓa, zan tambayi shekarar ginin, domin an tsaurara dokar gini bayan 1985. Kuma zan guji benen da aka bar ƙasansa ginshiƙai kawai don ajiye motoci. Wannan ma ba lamuni ba ne.

Shekara nawa laka ke yi kafin ta daina wannan hali?

Ba a zamaninka ba.

Sakkwato da Maiduguri ma kan irin wannan kwari suke, mu tashi?

Ku zauna abinku. Kwarin ba ya haifar da girgiza, wadda ta iso yake ƙara wa ƙarfi, yankinku kuwa ya yi nisa da inda faifan ƙasa, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya, ke karo da juna su haifar da girgiza. Ambaliya ta fi kusa da ku.